"Sai Albasa Ta Fito": Yadda Ake Rayuwa a Unguwannin Wurno, Rabah da Goronyo

Ɗauki wayarka yanzu ka rubuta "Goronyo" a wurin bincike na Facebook ko TikTok. Me ya fito? Hari, jana'iza, sai wani babban mutum da babbar riga yana jajantawa. Gwada Rabah, kusan haka ne. Wurno ma haka, sai dai a haɗa maka da hoton hubbare. Wanda bai taɓa taka gabashin Sakkwato ba zai ɗauka babu abin da ake yi a can sai gudu da binne gawa.

Ba ƙarya aka yi maka ba, abubuwan sun faru, kuma za mu zo kansu. Amma tsakanin wannan labari da wancan akwai ranaku, kuma a cikin ranakun nan mutane na tashi da asuba su nemi na koko. Akwai mai shayi, akwai mai caji, akwai ɗan kabu-kabu, akwai yarinya mai tallar awara, akwai matar da ba ta fita ko ƙofar gida amma rabin unguwa na cin abin da ta dafa. Idan kana so ka gane yadda waɗannan mutane ke kai wata zuwa wata ba tare da albashi ba, akwai jimla ɗaya da ya kamata ka fara sani. Za ka ji ta a teburin shayi, a shagon tela, a wurin mai gyaran babur, har a maganar aure: "Sai albasa ta fito."

Ruwa ne ke rubuta kalandar

Fara da ƙasar tukuna. Idan ka fita daga birnin Sakkwato ka nufi arewa maso gabas, za ka bi ta Achida, garin babbar kasuwar dabbobi, ga Wurno a gefen fadamar Gulbin Rima, ka ci gaba ka iske Goronyo, hanyar ta wuce Sabon Birni da Isa. Rabah kuma tana can gabas, a kan Gulbin Sakkwato. Kusa da Goronyo ne aka tare Rima da madatsar ruwa. An gama ginin ta a 1984, aka ƙaddamar da ita a 1992, kuma an yi ta ne don ta riƙe ruwa kyubik mita miliyan 942. Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima ce ke kula da ita. Ruwan da ake saki daga nan shi ke shayar da fadamun da ke ƙasa da ita a lokacin rani, kuma da shi birnin Sakkwato ke dogaro wajen ruwan famfo.

Saboda wannan ruwa, shekarar talakan yankin ba ta ƙarewa da girbin gero. Da damina ta ja baya ake zuba irin albasa. Sanyi na shigowa a yi dashe. Daga nan sai ban ruwa, cire ciyawa, zuba taki, feshi, wata uku zuwa huɗu babu hutu. Wajen Fabrairu zuwa Afrilu ake cire ta. Ga tafarnuwa, wadda Wurno ta yi suna a kanta, ga shinkafa, ga alkama da tattasai da tumatir a wurin masu hali.

To, ka lura da abu ɗaya. Ba kowa ke da fadama ba. Mafi yawan samarin da za ka gani a unguwa 'yan ƙwadago ne, ko masu aron fili, ko waɗanda wani ya zuba wa jari a raba riba. Amma da mai gona da marar gona, kowa na jiran albasar. Mai dashe na jira, mai yankan ganye na jira, mai ɗinkin buhu, ɗan dako, mai amalanke, dillali, direban da zai kai ta Kudu, har yaron da ke sayar da ruwan sanyi a wurin lodi. Kuɗin unguwa gaba ɗaya na shigowa ne a dunƙule cikin 'yan makonni, alhali ciki kullum yake tambaya. Ratar da ke tsakani, da me ake cike ta? Da bashi.

Littafin mai shayi

Kar ka ji bashi ka tuna banki, da fom, da hoton fasfo, da mai tsaya maka. Bashin unguwa wani abu ne daban. Je ka zauna a teburin mai shayi bayan sallar asuba, ka zuba ido. Saurayi zai zo, ya sha shayi da rabin burodi, ya goge baki, ya ce "rubuta", ya wuce fadama. Wani ma ba zai ce komai ba, ɗaga hannu kawai zai yi. Akwai wani tsohon littafi na makaranta a ƙarƙashin gwangwanin madara, gefensa duk mai, a ciki aka jera sunaye da laƙabi. Mai shayin da bai iya boko ba da ajami yake rubutawa, ko ya riƙe a ka, kuma ba ya ɓata lissafi.

Shi ma mai shayin ba da kuɗinsa ya ɗauko buhun sukari da katan ɗin madara ba. Mai shagon bakin kasuwa ne ya ba shi, shi kuma wani babban ɗan kasuwa a Sakkwato ya ba shi. Mai sayar da fetur a galan ya zuba wa manomi man injin ban ruwa a kan alkawari. Mai taki ya ba da buhu biyu, za a biya bayan girbi, wani lokaci da kuɗi, wani lokaci da albasar kanta. Tela ya ɗinka kayan Sallah ya ajiye takarda. Mai kyamis ya ba da maganin zazzaɓin yaro ya ce a kawo in an samu. Ka ga sarƙa ke nan, kowa na riƙe da rigar wani.

Me ke sa a biya, tunda babu kotu babu ɗan sanda? Kunya. A unguwar da kowa ya san kakanka, wanda ya ci bashi ya murje ido ya gama yawo. Gobe ba zai samu fetur ba, ba zai samu iri ba, kuma in ya je neman aure labarin zai riga shi isa zauren surukai. Ku da kuke ta muhawara a intanet kan manhajojin ba da rance da yadda suke auna amincin mutum, ga wani ma'aunin da ya girme su nesa ba kusa ba, kuma bai taɓa tura wa duk lambobin wayarka saƙon cin mutunci ba.

Ba na ce tsarin aljanna ba ne. Wanda ya karɓi taki bashi sau da yawa ya riga ya sayar da albasarsa tun tana ƙasa, a farashin da mai ba da bashin ya ga dama. Lokacin girbi kowa na fito da tasa a rana ɗaya, kasuwa ta cika, farashi ya faɗi ƙasa warwas. Mai ƙarfi ya saye ya zuba a rudu, wato rumbun kara da ciyawa da ake ajiye albasa iska na ratsa ta, ya jira ƙarshen shekara lokacin da take tsada. Wani kason zai ruɓe, amma abin da ya tsira zai rufe asarar har a ci riba mai kauri. Talakan da ya yi wata huɗu yana shiga ruwan sanyi da asuba ba shi da wannan haƙurin, don littafin mai shayi na jiran sa. Idan ka ga albasa ta yi tsada a Disamba kana zagin manomi, ka sani mai yiwuwa ta bar hannunsa tun Afrilu.

Bayan katanga

Rabin tattalin arzikin unguwa ba ka ganin sa daga titi. Yana cikin gida. Mata ne ke turara shinkafa su shanya a kai inji, su ne ke matse gyaɗa su fitar da mai da ƙuli-ƙuli, su ne ke kirɓa fura, su soya ƙosai da awara, su gyara tafarnuwa a ƙulla. Da safe za ka ga yara na fitowa daga zaure ɗauke da roba ko tire, da hantsi kuɗi su koma ciki. Daga cikin kuɗin nan ake zubin adashi, kuma uwar adashi a unguwa ta fi wani manajan banki sanin halin kowa: wadda mijinta ya tafi cin rani bai aiko ba, wadda ke tara kayan ɗakin 'yarta, wadda za a ba kwasa kafin layinta saboda an kwantar da ɗanta.

Ke da kike karanta wannan a ɗakin kwanan ɗalibai ko a gidanku a Kano, kila ki ce ai talla ce ke hana yaran nan karatu. Kin yi gaskiya, kuma babu wani kwaskwarima da zan yi wa zancen. Yarinyar da ke yawo da tire ƙarfe goma na safe ba ta aji. Amma ki haɗa da wannan: sau da yawa ribar tiren nan ce ke sayen sabulu, ita ce gudummawar biki, ita ce ke tsaya wa gida a watannin da maigida ke cewa a jira albasa. Duk wanda zai raba yarinyar da tire ya mayar da ita aji, dole ya zo da amsar abin da zai maye gurbin wannan kuɗi. In ba haka ba, mako biyu za ta yi ta koma.

Da yamma kuma unguwa ta samari ce. Bayan la'asar a buga ƙwallo a filin makaranta, bayan isha'i a baje tabarma a majalisa. Shagon caji na nan da janareto ko faranti biyu na sola, wayoyi jere kamar kifi a kan tire, kowace da lambarta. Gidan kallo ya cika ranar da Barcelona ko Arsenal ke wasa. A nan za ka ji Sakkwatanci tsantsa, ba irin wanda ake kwaikwayo a fim don a ba mutane dariya ba: "Mi kac ce?", "Wanga yaro ba shi jin magana", "Mun tahi munka iske su." Kuma ka daina tunanin ba su san duniyar da kake ciki ba. Bidiyon da ka kalla jiya sun kalla, an tura musu ta Xender a shagon caji ba tare da sun ƙona data ba.

Garin da aka gina don tsaro

Akwai abin da tarihi ke faɗa a nan wanda ke sa mutum ya yi shiru. Wurno ribaɗi ce. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ne ya kafa ta don ta zama garkuwar Sakkwato daga hare-haren da ke zuwa ta wannan kusurwa, ya zaunar da mutane su yi noma da sana'a suna gadin iyaka. A nan ya rasu a 1837, a nan kabarinsa yake, har yau ana zuwa ziyara. Ɗansa Aliyu Babba ma a Wurno ya fi zama lokacin sarautarsa, kuma a 1853 Baturen Jamus Heinrich Barth ya yi makonni a garin. Rabah kuwa ita ce mahaifar Sardauna Ahmadu Bello, tattaɓa-kunnen Muhammadu Bello. A can aka haife shi a 1910, ya kuma riƙe sarautar garin daga 1934 kafin siyasa ta kai shi Kaduna. Yaron da ke tura kurar ruwa a Rabah ya san wannan, kuma zai faɗa maka da alfahari ko ba ka tambaya ba.

Kusan shekara 200 bayan Bello, yankin ya sake zama bakin daga. A watan Yulin 2018 'yan bindiga suka afka wa Tabanni da ƙauyukan da ke kewaye a gundumar Gandi ta ƙaramar hukumar Rabah, suka kashe mutane fiye da 30, waɗanda suka tsira suka kwarara garin Gandi. Ranar Lahadi 17 ga Oktoban 2021 aka buɗe wuta a kasuwar Goronyo tana ci. Gwamnan lokacin, Aminu Waziri Tambuwal, ya ce mutum 43 aka kashe.

Waɗannan alƙaluma ka gan su a lokacin, kila ma ka sa hoton kyandir. Abin da ba ya fitowa a hoto shi ne abin da ke biyo baya a unguwa. Mutanen ƙauye na shigowa gari da tabarma da tukunya. Wasu a makaranta, wasu a kango, da yawa kuma a gidajen dangi, ɗakin mutum huɗu ya koma na goma. Manomi da ke da rumbu jiya, yau yana layin ƙwadago tare da yaran unguwa, kuma da hannaye suka yi yawa sai ladan yini ya ragu. Gonar da ke nesa da gari ta zama ta kallo. In aka ɗauke mutum ɗaya, kuɗin fansa ba gidansu kaɗai ke biya ba: a sayar da shanu, a sayar da injin ban ruwa, a jinginar da fadama, a bi gida-gida da masallaci-masallaci. Jarin rani uku ya tafi a dare ɗaya. Kuma duk wanda ya sayar da injinsa, akwai mutum biyar a bayansa da ke jiran albasar da ba za a dasa ba.

Ku masu waya, ga wanda zai fi taɓa ku. A watan Satumban 2021 aka yanke sabis a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 na jihar, har da Goronyo da Rabah, da nufin toshe wa 'yan bindiga hanyar sadarwa. Ka yi tunanin makonni babu kira, babu alat, babu WhatsApp. Mai POS ya rufe, mai sayar da kati ya zauna, ɗan cin rani a Legas ba shi da hanyar turo wa uwarsa na cefane, dillali ba ya jin farashin Kudu. Sai mutum ya hau mota ya nufi inda sabis yake don kiran minti biyu. A cikin wannan duhun ne aka kai harin kasuwar Goronyo.

Ba bindiga kaɗai ba

Ruwan ma yana da nasa halin. A Satumban 2010 Rima ta yi ambaliyar da har yau ake kwatance da ita, ta cinye gonaki da gidaje a Goronyo da Wurno da sauran garuruwan bakin gulbi, ta kuma yanke hanyar shiga Jami'ar Usmanu Danfodiyo. A 2018 aka ga kishiyar haka: ruwan madatsar ya ja baya har ya rage kusan kashi 10 cikin 100 na abin da take ɗauka, hankalin manoma da na masu famfo a birni ya tashi tare.

Sai abubuwan da ake yanke hukuncinsu a nesa. A farkon 2023 canjin takardun naira ya ƙafar da tsabar kuɗi daidai lokacin da ake fara cire albasa, a kasuwannin da ɗan dako da mai tallar fura ba su san wani abu transfa ba. Ranar 29 ga Mayun shekarar aka cire tallafin fetur. A birni an yi kukan kuɗin mota. A fadama kuwa injin ban ruwa fetur yake sha, kuma albasa ba ta san an cire tallafi ba, ruwanta take so a kan lokaci. Wasu sun mayar da injinsu na gas, masu hali sun sa sola, marasa hali sun rage fili. Ko a Yunin 2021, da ƙungiyar masu noma da sayar da albasa ta ƙasa ta dakatar da kai kaya Kudu saboda hare-haren da aka kai wa motocinta, a irin waɗannan unguwanni aka fara jin zafin, don buhun da bai tafi ba bashi ne da ba a biya ba.

Shi ya sa matasa ke fita. Cin rani tsohuwar al'ada ce: a gama aikin damina a tafi Legas, Ibadan, Fatakwal ko Abuja, a yi dako, a yi gadi, a tura baro, a yi acaɓa, a dawo da ruwan farko. Abin da ya sauya shi ne dawowar. Da yawa yanzu ba su da gonar da za su dawo mata, sai ranin ya zarce shekara, ya zarce biyu. Wannan yaron da ke wanke maka mota ko yake sayar maka da albasa a baro, wanda kake kira "aboki" ko "Sakkwato" ba ka taɓa tambayar sunansa ba, wata ƙila dubu biyun da ya tura jiya ta POS ita ce ta share layi ɗaya a littafin wani mai shago a Wurno.

Idan kai ɗan yankin ne kuma kana da waya, akwai abin da kake da shi wanda babu ɗan jaridar Abuja da ke da shi. Ka san ranar da aka saki ruwa da ranar da aka rufe. Ka san nawa aka sayi buhu a bakin gona da nawa aka sayar a tasha. Ka san hanyar da ta mutu, da makarantar da ta zama sansani, da unguwar da ta karɓi baƙi ba tare da wani ya kawo mata ko mudu ɗaya ba. Ɗauki wannan ka sa, da kwanan wata, da sunan wuri. Amma ka yi hankali da fuskokin mutane da bayanin wanda ya samu kuɗi, don ba masoya kaɗai ke kallon TikTok ba, kuma a yankin da ake ɗaukar mutum saboda an ji ya sayar da buhu hamsin, bidiyon taya murna na iya zama sammaci.

A watan Afrilu, in shekara ta yi kyau, unguwa na canza kama. Warin albasa ya cika ko'ina, manyan motoci na lodi har dare, ana ɗaura aure kusan kowace Juma'a da Asabar, sabbin babura na yawo da ledarsu ba a cire ba. Mai shayi zai buɗe littafinsa, mutane na zuwa ɗaya bayan ɗaya, yana jan layi a kan suna. Akwai sunayen da zai tsallake. Wani ya tafi Kudu shekara biyu ba labari, wani yana hannun mutanen daji, wani yana cikin waɗanda suka je kasuwa ranar Lahadi ba su dawo ba. Ba ya jan layi a kansu, kuma ba ya aika wa iyalansu. Yana buɗe sabon shafi ne, don masu dashen shinkafa sun riga sun fara cewa a rubuta.